Harshen Iya Tabawa

Ido ya tafi ya bar ta tun bara waccan,
harshe kuwa bai bi shi ba.
Ranar da na dawo daga kasuwar Maigatari
da ƙullin zoɓo huɗu a aljihu,
na ce yau sai na ƙure tsohuwar nan.

Na jiƙa kowanne a tukunyarsa.
Ba citta, ba kanumfari, ba ko ɓarin mazarƙwaila,
don ita ta ce kayan ƙamshi mayafi ne,
mai son ganin fuska sai ya yaye.

Ƙoƙo na farko. Ta shinshina, ta guntsa,
ta bar shi ya zaga dasashi
kamar baƙo mai neman wurin zama.
"Ɗan tudu ne wannan,
ɗan rairayin Sule Tankarkar.
Ya sha ƙishi tun yana ƙarami,
shi ya sa tsaminsa ke da faɗa.
Ji yadda ya riƙe mini muƙamuƙi
kamar mai bi na bashi."

Na biyu ja ne wur, har yana ɗaukar ido.
Ni mai gani na riga na naɗa shi sarki.
Ta kurɓa, ta yi dariya har da tari.
"Ɗan fadama. Wajen Auyo, ko gaba kaɗan.
Ruwa ya shagwaɓa shi.
Ga kyau kamar ango, magana ba nauyi,
kafin ka haɗiye ya manta abin da ya zo faɗa."

Na uku baƙi-baƙi, kamar jinin da ya kwana.
Nan ta daɗe.
Akuya ta shigo, ta ci dusar kaji, ta fita,
ba ta ce uffan ba.
Can ta lashi leɓe. "Babura.
A bakin gonar gero aka yafa shi, ba wanda ya koma ta kansa.
Bauri a gaba, zaƙi can baya a ɓoye,
irin mutumin da sai kun shekara goma tare
kafin ka san yana ƙaunarka.
Kuma a kan rufin kwano aka shanya shi,
ina jin tsatsa. In ka koma ka gaya wa mai shi."

Na sosa ƙeya. Uku ke nan, ba ta faɗi ko ɗaya ba.

Na huɗun ne tarkona.
Ba mudu, ba dillali, ba wanda na ba ko sisi.
Da zan dawo na ratse ta kufan garinsu,
inda rijiya ta rufta, tumfafiya ta cinye masussuka.
A daidai inda ta taɓa ce mini nan ɗakin innarta yake
na tarar da yakuwa guda uku
sun fito don kansu, ba shuka, ba noma,
ƙanana, jajaye, ƙwari sun ci rabi.

Ta karɓa da hannu biyu.
Ba ta guntsa ba, ba ta juya shi a baki ba.
Ta sha. Ta sake sha.
Maƙogwaronta na hawa yana sauka
har gindin ƙoƙo ya kalli sama.

Na ce, "To, Iya, wannan fa ɗan ina ne?"

Ta goge baki da gefen zane.
"Bai nuna ba ka tsinke.
Kullum da gaggawarka, Nomau, kamar ubanka."
Ta juya fuska wajen garu,
inda ba abin gani ko ga mai ido.

Ladan ya kira la'asar. Na tattara ƙoƙuna.
Har na kai bakin ƙofa ta ce,
"Kai. Da ka ɓare shi,
ina ka zubar da gurguzun?"

Na laluba aljihu. Ƙwaya bakwai, haɗe da yashi.
Ta ƙirga su da yatsa, sau biyu,
ta ƙulle a bakin zane,
wajen da take ƙulle kuɗin goro.